Ranar da na tare hanyar kar ɗin lakwal

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe na koleji a Madarumfa, 'yan garinmu mazauna Kwatano suka haɗa hannu suka sayo wa yaran ƙauyukanmu kar, wato babbar motar kai ɗalibai lakwal, makaranta ke nan, don a huta da tafiyar ƙasa. Allah ya saka musu da alheri, da kyakkyawar niyya suka yi. Sai dai kar ɗin nan ta kusa raba ni da karatu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shan inna ya taɓa ni tun ina goye, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Da keke nake yawo, irin mai taya uku da ake murzawa da hannu. Ƙauyenmu yana bayan tabki, hanyar kuma wani wurin ƙasa ce mai ƙarfi, wani wurin rairayi ne har idon sawu. Tun da na shiga koleji haka muke yi: inda ƙasa ke da ƙarfi in murza da kaina, inda rairayi ya yi yawa 'yan matan garinmu su tura ni. Ni kuma in ɗaukar musu jakunkuna. Ni ce motar kayansu, su ne injina. Muna tafe muna gulmar malamai, har mu isa ba mu san mun yi tafiya ba.

Ranar da kar ta iso gari ya ɗauka da guɗa. Fara ce, ta sha aiki a Turai kafin ta zo hannunmu, rubutun nasara bai ma gama gogewa daga jikinta ba. Kujeru masu soso, labule shuɗi a kowace taga. Liman ya yi addu'a, tsofaffi suka shiga suka zauna suka fito suna cewa ko gadonsu bai kai wannan taushi ba. Ni kuwa na fi kowa rawar kai. Na wanke kekena tas, na zuba masa mai a sarƙa, wai don kada ya ɓata wa kar ciki. Ku ji fa.

Da safe na riga kowa zuwa gindin tsamiyar da aka ce nan za a riƙa tsayawa. Direba ya buɗe ƙofa. Sai na ga matakala uku masu tsawo, ƙofar kuma ƙunci gare ta, mutum mai jiki ma sai ya karkata. Yara suka yi ta daka wawa suna shiga. Da aka gama, direba ya leƙo ya dube ni, ya dubi keken.

Ya ce, "Ke, ba wurin wanga a ciki. A bar shi gida, samari su ɗauke ki su sa a kujera."

Na ce, "In mun isa lakwal fa, da mi zan shiga aji?"

Ya ce, "Sai su sake ɗaukarki."

Na ce, "In zan zaga bayan gida fa?"

Sai ya kira wasu samari biyu 'yan ajinmu. Suka sauko, ɗaya har yana naɗe hannun riga, kuma na san don Allah zai yi. Amma ni budurwa ce a lokacin, na daɗe da hana ko mahaifiyata ɗaukata. Na ga kaina a hannun maza kamar buhun gero, safe da yamma, gaban dukan lakwal. Kawai sai na ji bakina ya ce, "Wallahi wanda ya taɓa ni sai na cije shi." Mota ta kwashe da dariya. Direba ya ce shi ba ya da lokacin taurin kai, ya rufe ƙofa. Ƙawata, wadda muka tashi tare, tana bakin taga tana kallona kamar an kama ta da sata. Suka tafi suka bar ni da ƙura.

Sai a lokacin na fahimci abin da ya same ni. Ba kar kaɗai na rasa ba, masu tura ni duk suna cikinta.

Na koma gida ina cika ina batsewa. Mahaifiyata tana shirin tafiya lambu, don da lambunta na bakin tabki take riƙe mu tun rasuwar mahaifina. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce kin kyauta ba, ba ta ce ba ki kyauta ba. Ta ce, "To, za ki ko kin fasa?" Na ce za ni. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta ce, "Mu tahi."

Haka muka shiga sabuwar rayuwa. Ta tura ni har mu wuce rairayi, ta juya lambu, ni in ƙarasa. Kullum kar ta same mu a hanya ta wuce, yara na ɗago mini hannu, wasu kuma su ja labule. Kullum in isa an rufe ƙofa, sai na roƙi sirbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, kafin ya bar ni in shiga. Darasin farko lissafi ne, shekarar jarrabawar birebe ta gama koleji ce kuma, ga shi kusan kullum sai dai in tarar da ƙarshensa. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Mahaifiyata ta fara tafiya tana dafe baya, ganyen salatin lambunta kuma ya fara yaushi don ba ya samun ruwa da wuri. Dawowa da yamma ta fi muni. Wani lokaci sai mai amalanken jaki ya ji tausayina, in kama bayan amalanken ya ja ni.

Ana haka shugaban iyayen yara ya zo gidanmu. Dattijo ne mai mutunci, ba zan ci amanarsa ba, shi ya yi ta faɗi-tashi har kar ɗin ta zo. Bayan gaisuwa ya ce wa mahaifiyata, "Wahalar nan ta yi yawa. Ba a fasa alherin jama'a don mutum guda, kin sani. Ko ta yarda a riƙa ɗaukarta, ko a samo mata keken ɗinki na hannu ta zauna gida da mutuncinta."

Mahaifiyata ta ce, "Alhaji, mun gode da kulawa. Amma ɗiyata ba ta ce ta gaji ba. Ran da ta ce, ni zan zo da ƙafata in gaya maka."

Ina daga ɗaki ina ji. Gaskiya na gaji, gajiya ba kaɗan ba. Amma bayan wannan magana ina zan ga bakin faɗa?

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota ne, yana bin hanyar Kwatano da Lome, wani lokaci ya shiga Najeriya ta Ɗan Issa. Ya zo hutu ya tarar da zancen. Da la'asar muna zaune a tsakar gida, maƙwabta sun shigo gaishe shi, sai hira ta koma kan kar. Wata ta ce ai ko a Maraɗi ba kowace lakwal ke da irin tamu ba. Kawu ya yi dariya ya ce kowace ƙasa da yadda take kai 'ya'yanta. A Kwatano ya sha ganin yara uku a bayan babur ɗaya, na ƙarshe jakarsa na lilo a iska. A Katsina makarantun kuɗi suna da ƙananan motoci, an rubuta musu suna da fenti mai kyau, amma in ka leƙa ciki an danna yara kamar tumatir a kwando. Daga nan ya ciro wayarsa, ya ce mu ga na ƙasashen nesa da wani ya turo masa. Ga ta Amurka, doguwa, ruwan ɗorawa, kujerunta masu dogon baya a jere, in ta tsaya wani jan faifai ya fito daga gefenta, duk motocin titi su tsaya cik har yara su tsallaka. Ga wata ta Japan ta 'yan ƙanana, an yi mata kunnuwa da gashin baki kamar kyanwa. Mata suna ta salati, suna cewa waɗannan ai lalata yara suke yi.

Sai aka zo wani wuri da ya sa na daina dariya. Motar Amurkan nan ta tsaya a ƙofar wani gida. Wata ƙofa ta buɗe a gefenta, wani faffaɗan ƙarfe ya sauko a hankali har ƙasa. Wata yarinya a keken guragu ta hau kai da kanta, ƙarfen ya ɗaga ta ya shigar. Babu wanda ya taɓa ta. Ko kallonta sauran yaran ba su yi ba, suna ta hirarsu. Na sa kawu ya maido wurin har ya fara ƙorafin caji. A jikin ƙofar akwai wata shuɗiyar alama, hoton mutum zaune a kan taya.

Na ce, "Kawu, tsaya. Na san alamar ga. Akwai ta a ƙofar bayan kar ɗinmu."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Duk garin nan wa ya kai ni sanin bayan kar ɗin nan? Kullum shi nake kallo."

Kawu ya girgiza kai. Ya ce irin waɗannan motoci in sun sauka daga jirgin ruwa, sau da yawa abin ɗagawar ake fara kwancewa, a kafa benci a wurin don a ƙara mazauni. Wato can inda aka ƙera ta, wani ya zauna ya yi tunanin irina tun kafin ya ɗaura mata taya. A hanya ne aka cire ni aka sa benci.

Kada ku ce ban bi ta lalama ba. Na gaya wa direba, ya ce ƙofar ta yi tsatsa. Kawu da kansa ya je wurin shugaban iyaye kafin ya koma bakin aikinsa, aka ce za a duba. Za a duba ɗin nan ta cinye wata guda, aka yi jarrabawar gwaji, lissafi ya kayar da ni ƙasa warwas.

Akwai wani wuri a hanyarmu, tsakanin shingayen lambuna biyu, inda mota ɗaya ce kawai ke iya wucewa, ƙaya dama ƙaya hagu. Wata safiya da muka iso nan na ce wa mahaifiyata ta tafi lambu, zan ƙarasa. Ta ce, "Rairayi bai ƙare ba. Mi kike shiryawa?" Na ce ba komai. Ta dube ni ta dubi igiyar gugar da na ɓoye a ƙarƙashin littattafai, wutsiyarta ta leƙo. Sai ta shige bayan shinge.

Na gicciye keken a tsakiyar hanya. Na ɗaure tayar baya a jikin wani turken shinge, na yi mata ƙulli kan ƙulli. Sannan na zauna ina jira. In na ce muku ban ji tsoro ba na yi ƙarya. Har na fara addu'ar Allah ya sa kar ta lalace yau.

Ba ta lalace ba. Na ji ƙararta, na ga ta karyo kwana. Direba ya danna oda tun daga nesa, ya sake dannawa, ya zo dab da ni har ina jin zafin injin a fuskata, sannan ya taka birki. Ya diro yana faɗa.

"Ke mahaukaciya ce? Kashe kanki za ki yi ki ja mini? Matsa!"

Na ce, "A buɗe ƙofar baya in shiga, sai mu tahi gaba ɗaya."

Ya ce, "In ba ki matsa ba in ɗauke ki da keken in aza kan shinge."

Sai muka ji murya daga bayan ƙaya. Mahaifiyata ce, riƙe da garwar ban-ruwa. Ta ce, "Malam, hanya ta kowa ce, ka yi magana da ita da baki. Amma hannunka kada ya kai kanta." Ba ta ɗaga murya ba. Direba ya ja da baya ya ciro waya.

Ana cikin haka ƙawata ta sauko. Ta zo ta ɗora jakarta a kan kekena kamar yadda ta saba yi a da, ta tsaya a bayana. Ta sunkuyo ta raɗa mini, "Ke dai ba ki da hankali. Babana zai kashe ni." Amma ba ta koma ba. Sauran 'yan matan garinmu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Masu lambu suka taru, masu kai kifi kasuwa suka yi cirko-cirko a bayan kar da baburansu, kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

Shugaban iyaye ya iso a bayan babur, ransa a ɓace. Ya ce, "'Yar nan, wannan tarbiyya ce? Ki tsare yaran mutane a daji?"

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, ƙofa kaɗai nake so a buɗe, kowa ya gani."

Don ya kashe maganar ya ce a buɗe. Direba ya ɗauko ƙarfe, ya buga sau biyu, ƙofar da aka ce ta yi tsatsa ta wangale, faɗinta ya ishi kekena har da saura. A ciki ga bencin katako an kafa shi da ƙusa, fentinsa ma daban da na motar. A ƙarƙashinsa ana ganin ramukan da aka kwance wani abu.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya ce, "To, mun gani. Bencin ga yara biyar ke zama kansa. Faɗa mini, ɗan wa za a sauke?"

Tambayar gaskiya ce, kuma ban shirya mata ba. Na ji hawaye na neman zubowa, na danne su, don na rantse ba za a ga kukana a wurin nan ba. Na ce, "Baba, ni ma ɗiyar wani ce. Ran da aka sauke ni, wa aka tambaya?"

Kada ku zaci nan take aka rungume ni aka yi tafi. Alhaji ya ce ba a yanke hukunci a bakin hanya, ya hau babur ya tafi. Na kwance igiyata don masu kifi sun fara zagi, kifinsu zai lalace. Kar ta wuce da waɗanda suka zauna a ciki. Mu kuma muka tafi a ƙasa, 'yan mata na tura ni, muka isa rana ta take. Su aka sa su sharar fili, ni aka kore ni na 'yan kwanaki.

Kwanakin nan na sha suna. Mara kunya, butulu, gurguwa mai kan dutse. Labari ya kai Kwatano, aka ce wasu daga masu kyautar sun ji haushi, wai an yi musu tawaye da alherinsu. Wata maƙwabciyarmu ta daina aiko ɗiyarta ɗaukar wuta gidanmu. Aka kira taro a ƙofar mai gari, inda mata ba su cika zuwa ba. Mahaifiyata ta ɗauki tabarmarta ta je ta shimfiɗa a gefe ta zauna. An ce ba ta yi magana ba har aka tashi, ta dai ƙi tashi, kuma duk wanda zai yi magana sai ya fara satar kallonta. A ƙarshe aka tsaya a kan a cire bencin, manyan samari su riƙa karɓa-karɓar tsayuwa a tsakiyar mota. Kafinta ya yanko katako biyu masu kauri, a jingina su a ƙofa in hau, a ɗaure keken da igiya a ciki. Ba ƙarfen Amurka ba ne, amma ba mai ɗaukata.

Ranar farko da na shiga, na shiga ina hura hanci kamar matar gwamna. Ba mu yi nisa ba na gane kurena. Wurin nawa a kan tayar baya yake, ba taga, ga warin gazuwal, man da motar ke sha. Duk ramin da aka faɗa sai na yi sama na dawo. Ni da ban saba shiga mota ba, kafin mu kai bakin tabki kunun da na sha ya dawo gaba ɗaya, Allah ya taimake ni da leda. Ƙawata tana riƙe da kaina tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Wannan ne kika tayar da gari a kansa?" Na ce, "Shi ne. Ba ni ruwa." Ranar na riga malamin lissafi shiga aji.

Na ci birebe a shekarar, lissafin dai da ƙyar. Kar ɗin ba ta yi tsawon rai ba, damina biyu ta ƙara ta kwanta, yanzu awaki ke shan inuwarta. Uwar ɗaya daga samarin da suka riƙa tsayuwa ta yi shekaru tana amsa gaisuwata da hanci, kuma ban ga laifinta ba, ɗanta ya tsaya da ƙafarsa don ni in zauna. Shi kuwa har yau muna zumunci.

Har yanzu akan samu mai ce mini da na yi haƙuri da abin ya zo da sauƙi. Ni dai na yi haƙurin, na ga inda ya kai ni: gefen hanya, ina shan ƙura. Shi ya sa in ana gardamar motar wace ƙasa ta fi kyau, wace ta fi sanyi, ba na sa baki a zancen soso da labule. Tambayata ɗaya ce, wa aka bari a gindin tsamiya? Kuma duk inda na je yau na tarar da matakala, asibiti ne ko ofis, ba na cewa a taimaka a ɗauke ni. Cewa nake yi a kira mini mai wurin.

Bara muna zaune da mahaifiyata, ta tsufa yanzu, jikoki ke yi mata ban-ruwa, na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce, "Inna, ran nan da kina bayan shinge kina kallona, ba ki ji kunya ba? Gari duk ya taru a kan ɗiyarki."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Ta ce, "Kunyar mi? Tsoro dai na ji."

Na ce, "Kada ya take ni?"

Ta ce, "A'a. Kada ya danna oda ki matsa."